Ozzy Osbourne: Wane ne 'Yariman Duhu', kuma me waƙoƙinsa ke cewa?

A ranar Talata 22 ga Yuli, 2025, iyalan Ozzy Osbourne suka sanar da mutuwarsa a gidansa da ke gundumar Buckinghamshire ta ƙasar Ingila, yana da shekara 76. Kwana 17 kafin nan, ya zauna a kan wata baƙar karaga a filin wasa na Villa Park da ke Birmingham, ya rera waƙoƙi tara a gaban mutum fiye da dubu 40, saboda ƙafafunsa sun riga sun daina ɗaukarsa. Shi ne mawaƙin farko na ƙungiyar Black Sabbath, wadda masana tarihin kiɗa da yawa ke ɗauka a matsayin tushen salon hebi metal, wato reshen kiɗan rok mai nauyi da ƙarar jita. An sha ruwaito cewa faya-fayan da ya sayar, tsakanin nasa na kansa da na ƙungiyar, sun haura miliyan 100.

Wanda bai taɓa sauraron waƙarsa ba ma, da wuya a ce bai ji labarinsa ba: Baturen da ya cije kan jemage a dandamali, mai sa baƙaƙen kaya, wanda ake wa kirari da Yariman Duhu, ake kuma zargi da bautar Shaiɗan. Wannan suna ya sayar da tikiti na tsawon shekara hamsin, amma ya rufe abubuwan da suka fi shi muhimmanci. Yawancin waƙoƙin da suka yi fice suna magana ne a kan yaƙi da tsoro da taɓin hankali da ƙwaya. Da dama daga cikinsu ba shi ya rubuta baitocinsu ba, kuma wasu daga cikin waɗanda suka rubuta sun shafe shekaru suna zaryar kotu. Ɓarnar da ya yi ta haƙiƙa kuwa, a cikin gidansa ya yi ta.

Ɗan ma'aikatan masana'anta

An haifi John Michael Osbourne a ranar 3 ga Disamba, 1948, ya kuma tashi a Aston, unguwar talakawa ma'aikatan masana'antu a Birmingham, inda har a lokacin ƙuruciyarsa akwai kangayen da bama-baman Jamus suka bari tun Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsa, Jack, maƙerin kayan inji ne mai aikin dare a kamfanin GEC, mahaifiyarsa Lilian kuma tana aikin rana a masana'antar Lucas mai haɗa kayan mota. Laƙabin Ozzy tun a firamare yara suka yanko shi daga sunan gidansu.

Makaranta ba ta karɓe shi ba. Yana da lalurar nan da ke sa haruffa su rikice wa yaro, a zamanin da malamai ke ɗaukar mai ita a matsayin daƙiƙi. Ya bar karatu yana ɗan shekara 15, ya yi leburanci, ya koyi gyaran famfo, ya yi aikin gwada hon a masana'antar mota, sannan ya yi aiki a mayanka. Yana da shekara 17 aka kama shi da fasa shagon tufafi. Kotu ta ci shi tara, mahaifinsa ya ƙi biya don ya ɗanɗana kuɗarsa, ya kwashe mako shida a gidan yarin Winson Green. Ya sha faɗa daga baya cewa jin waƙar "She Loves You" ta ƙungiyar Beatles a rediyo ne ya fara sa masa tunanin akwai wata rayuwa bayan masana'anta.

A 1968 ya haɗu da wasu samari uku 'yan yankinsu: Tony Iommi mai kaɗa jita, Geezer Butler mai jitar bes, da Bill Ward mai ganguna. Sun fara da kiɗan bulus a ƙarƙashin sunan Polka Tulk, suka koma Earth, sai suka tarar akwai wata ƙungiya mai wannan suna. A 1969 suka ari sunan wani fim ɗin ban tsoro na 1963 wanda Boris Karloff ya fito a ciki, suka zama Black Sabbath. Lissafin da suka yi mai sauƙi ne: tunda mutane na biyan kuɗi su shiga silima a tsorata su, za su iya biya su saurari kiɗan da zai tsorata su.

Nauyin sautin nasu ma daga masana'anta ya samo asali. Iommi yana da shekara 17 injin matse ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, kuma da yake bahago ne, wannan hannun ne ke danna tsirkiya. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da tsirkiya marasa kauri, daga baya ya sassauta ɗaurinsu don rage zafi. Sassautawar ta sa sautin ya yi ƙasa, ya yi kauri. Dubban makaɗa masu cikakkun yatsu sun kwaikwayi wannan salo daga baya.

Waƙoƙin da suka kafa salo

Kundinsu na farko, mai ɗauke da sunan ƙungiyar, a yini guda aka naɗe shi cikin Oktoban 1969, aka fitar da shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1970, ranar da Turawa ke camfawa. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, ciki har da Lester Bangs na mujallar Rolling Stone, amma ya kai na takwas a jadawalin kundayen da suka fi kasuwa a Birtaniya. Waƙar da ta buɗe shi tana farawa ne da ruwan sama da tsawa da ƙararrawar coci, sannan jita ta shigo da sauti uku da aka gina a kan wata tazara wadda a al'adar kiɗan Turai ake wa laƙabi da tazarar Iblis. Labarin cikinta ya fito daga Butler, wanda ya ce ya farka cikin dare ya ga wata baƙar sura tsaye a ƙarshen gadonsa, bayan Ozzy ya ba shi wani tsohon littafin tsafi. Mai magana a waƙar firgitacce ne, yana neman Ubangiji ya cece shi.

Bayan wata bakwai kacal, a Satumbar 1970, suka fitar da Paranoid, wanda ya hau na ɗaya a Birtaniya, kuma shi ke ɗauke da waƙoƙi ukun da aka fi sanin su da su.

"War Pigs", wato aladun yaƙi, ta fito ne ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Tana kwatanta janar-janar da matsafan da suka taru a wurin tsafi, tana zargin 'yan siyasa da kunna wutar yaƙi su koma gefe su bar 'ya'yan talakawa su mutu, sannan ta rufe da ranar hisabi inda masu kitsa yaƙin ke rarrafe suna neman gafara. Da sunanta aka so a kira kundin, kamfanin faifai ya canza. "Paranoid" kuwa cike gurbi ce: an ce musu kundin ya gaza da 'yan mintuna, suka haɗa ta cikin ƙasa da awa guda. Tana ba da labarin mutumin da baƙin ciki ya yi wa katutu har ya kasa jin daɗin komai, a lokacin da ba a cika zancen ciwon damuwa a bainar jama'a ba. Ta kai ta huɗu a Birtaniya, kuma babu wata waƙar ƙungiyar da ta wuce ta a jadawalin. Ta ukun, "Iron Man", labarin wani ne da ya leƙa gaba ya ga halakar duniya, ya dawo ya zama ƙarfe, ya kasa magana, mutane suka yi masa ba'a, shi kuma ya huce a kansu har ya jawo halakar da ya hango. Ba ta da alaƙa da jarumin Marvel mai wannan suna, ko da yake an sa kiɗanta a ƙarshen fim ɗinsa na 2008, inda matasa da yawa suka fara jin ta ba tare da sanin mai ita ba.

Muryar Ozzy ba ta gwanaye ba ce. Siririya ce, tana fita ta hanci, kuma sau da yawa bin sawun jita kawai take yi. Amma tana da wani amo na mai kururuwar neman agaji, kuma a kan kiɗa mai nauyi haka, wannan amon ne ya sa ake gane shi da zarar ya buɗe baki.

Zargin bautar Shaiɗan

Ba za a ce ƙungiyar ba ta da hannu a zargin da aka yi mata ba. Su suka zaɓi sunan, su suka zaɓi baƙaƙen kaya, kuma sun ga cewa tsoro na kawo kuɗi. A waƙar "N.I.B." Iblis ne ke magana da bakinsa, yana lallashin wata mace. Daga baya Ozzy ya yi "Mr. Crowley" a kan Aleister Crowley, fitaccen matsafin Ingila da ya mutu a 1947, duk da cewa tambayoyi da shaguɓe ne suka cika waƙar.

Sai dai hujjojin ɗaya ɓangaren sun fi yawa. Gicciyen da aka kifar a cikin bangon kundin farko, wanda aka fi kafa hujja da shi, kamfanin Vertigo ne ya sa shi, kuma mambobin sun ce ba a shawarce su ba. Manyan gicciyen da suke ratayawa a wuya, mahaifin Ozzy ne ya ƙera musu na farko, kuma a matsayin kariya suka ɗauke su, saboda matsafa na gaske da suka fara bibiyar su. Butler, wanda ya rubuta mafi yawan baitocin ƙungiyar, ya tashi ne a gidan Katolika 'yan asalin Ireland, kuma waƙar "After Forever" ta 1971 kira ce kai tsaye zuwa ga imani da Ubangiji. A kundi ɗaya da ita akwai "Children of the Grave", mai gargaɗi kan makaman ƙare dangi. A 1992 jaridar New York Times ta ruwaito cewa Ozzy ɗan Cocin Ingila ne, kuma yakan yi addu'a kafin ya hau dandamali.

Abin da ƙungiyar ta yi wa waƙa ba tare da ɓoye-ɓoye ba shi ne ƙwaya. "Sweet Leaf" yabon tabar wiwi ce. "Snowblind", a kundin Vol. 4 na 1972, a kan hodar iblis take, kuma an naɗi kundin ne a Los Angeles a lokacin da mambobin ke kashe maƙudan kuɗi a kanta. Duk mai neman abin suka a aikin Black Sabbath, a nan zai same shi.

Kuɗi, ƙwaya da kora

A tsakiyar shekarun 1970 samarin suka farga cewa duk da miliyoyin faya-fayan da suka sayar, gidaje da motocin da suke taƙama da su ba lallai ba ne mallakinsu. Sun shiga harkar ba su san kan kwantiragi ba. Suka rabu da manajansu Patrick Meehan, aka shiga shari'a, har takardun sammaci na iske su a ɗakin naɗar sauti. Wannan ne ya haifi sunan kundinsu na 1975, Sabotage, wato zagon ƙasa, da waƙar "The Writ", wato sammaci, ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da Ozzy ya rubuta baitocinsu da kansa a ƙungiyar.

Daga nan aka fara gangara. Ya fice a ƙarshen 1977, ya dawo a farkon 1978, watan da mahaifinsa ya mutu. A ranar 27 ga Afrilu, 1979, abokan nasa suka kore shi saboda shaye-shaye da rashin zuwa aiki, aka wakilta Bill Ward, amininsa, ya isar da saƙon. Ozzy bai taɓa yarda cewa ya fi su sha ba. Ronnie James Dio ya maye gurbinsa, shi kuwa ya kulle kansa kusan wata uku a wani otal na Los Angeles yana shan abin da ya rage na kuɗin sallamarsa.

Wadda ta fito da shi ita ce Sharon Arden, 'yar Don Arden, manajan ƙungiyar na lokacin kuma mai kamfanin Jet, mutumin da aka sani a harkar da rashin imani wajen ciniki. Ta zama manajarsa, sannan matarsa a ranar 4 ga Yuli, 1982, bayan mutuwar aurensa na farko. Babu wani mataki na kasuwancinsa tun daga lokacin da ba ta da hannu a ciki.

Rayuwa ta biyu

Kundinsa na farko bayan kora, Blizzard of Ozz na 1980, ya ba kowa mamaki. Sirrinsa wani matashi ne ɗan Kalifoniya, Randy Rhoads, ɗan malamar kiɗa, wanda ya shigo da ƙa'idojin kiɗan gargajiyar Turai cikin jitar rok. "Crazy Train", wadda ta zama tambarin Ozzy, tana magana ne a kan zaman ɗar-ɗar na yaƙin cacar baki tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, da yadda aka raini al'umma guda a cikin tsoro. Yau an fi jin ta a filayen wasanni. Mawaƙin gambara Trick Daddy ya gina waƙarsa "Let's Go" ta 2004 a kanta, kuma a 2019 Ozzy da Sharon sun fito fili sun haramta wa Donald Trump amfani da ita a harkar siyasarsa.

Rhoads kundi biyu kawai ya yi da shi. A safiyar 19 ga Maris, 1982, tawagar ta yada zango a Leesburg ta jihar Florida. Direban bas ɗinsu, wanda ya iya tuƙin jirgi, ya ɗauki wani ƙaramin jirgin sama ba da izini ba, ya ɗauki Rhoads da mai yi wa tawagar kwalliya, ya riƙa shawagi ƙasa-ƙasa a kan bas ɗin da Ozzy ke barci a ciki. Fiffike ya daki bas, jirgin ya faɗa kan wani gida ya kama da wuta, duka ukun suka mutu. Rhoads yana da shekara 25.

Wa ya rubuta waƙoƙin?

Wannan ce tambayar da rahotannin ta'aziyya da yawa suka tsallake. A Black Sabbath babu gardama: Iommi ke kawo kiɗa, Ozzy ya ɗora karin murya, Butler ya rubuta yawancin baitoci, kuma sunan mutum huɗun ake sawa. A aikinsa na kansa ne rigima take.

Kundaye biyun farko, Blizzard of Ozz da Diary of a Madman na 1981, an yi su ne da Bob Daisley, ɗan Ostareliya mai jitar bes, da Lee Kerslake mai ganguna. Daisley ne ya rubuta mafi yawan baitocin, har da na "Crazy Train". Kafin kundi na biyu ya fito aka sallami su biyun, aka buga hoton waɗanda suka gaje su, Rudy Sarzo da Tommy Aldridge, a jikin faifan da ba su kaɗa ko sauti ɗaya a cikinsa ba. Daisley da Kerslake sun kai kamfanin Jet ƙara a Landan, suka yi nasara a 1986. Da suka sake shigar da wata ƙarar a Amurka kan kuɗin haƙƙin kaɗawa, sai aka sake fitar da kundayen biyu a 2002 bayan an goge bes da gangunansu, aka sa Robert Trujillo da Mike Bordin suka sake kaɗawa. Kotun Amurka ta kori ƙarar. Masoya sun yi tir da gogewar, kuma sai a 2011 aka maido da sautin asali. A ƙarshen 2018, Kerslake na fama da sankarar da ta kashe shi a 2020, ya roƙi a ba shi allunan karramawa na cinikin kundayen biyu, Ozzy ya aika masa.

Haka kundin Bark at the Moon na 1983: sunan Ozzy kaɗai aka rubuta a matsayin mawallafi, alhali Jake E. Lee, wanda ya kaɗa jita a ciki, ya daɗe yana cewa shi ya haɗa yawancin kiɗan, aka tilasta masa sa hannu ya sarayar da haƙƙinsa. Abin lura shi ne, mutumin da manaja ya cuta a shekarun 1970 shi ne ake zargi da irin wannan cuta a shekarun 1980, kuma duk wanda ya san rigingimun mawaƙa da masu ɗaukar nauyinsu a ko'ina zai gane salon. Gudummawar Ozzy ta gaske ita ce karin waƙa da murya da iya zaɓen makaɗa, kuma ba ƙaramar gudummawa ba ce. Amma ba ita kaɗai ta gina waɗannan kundaye ba.

Jemage, kotu da daren 1989

Labarin jemagen gaskiya ne. Ranar 20 ga Janairu, 1982, a Des Moines ta jihar Iowa, wani ɗan kallo ya jefo jemage dandamali, Ozzy ya ɗauka ya gatsa masa kai. Ya ce ya zaci na roba ne, kuma daga wurin aka wuce da shi asibiti aka fara yi masa allurar ciwon haukan kare. Wanda ba shi da uzuri shi ne na shekarar da ta gabata, lokacin da ya cije kan kurciya a buge, a ofishin kamfanin CBS da ke Los Angeles. Wata guda bayan jemagen kuma aka kama shi a San Antonio ta jihar Texas yana fitsari a jikin hasumiyar tunawa da mutanen da suka mutu a yaƙin Alamo. Birnin ya hana shi wasa na shekara goma, har sai da ya ba da gudummawar dala 10,000 ga masu kula da wurin a 1992.

Shari'ar da ta fi tasiri a doka ita ce ta waƙar "Suicide Solution". A Oktoban 1984 wani matashi ɗan shekara 19 a Kalifoniya ya kashe kansa, iyayensa suka kai Ozzy da CBS ƙara, suna cewa waƙar ce ta ingiza shi. Kalma ta biyu a sunan waƙar tana da ma'ana biyu a Turanci, mafita da kuma ruwan da aka dama, kuma masu waƙar sun ce giya suke nufi, wato mai shan ta yana kashe kansa ne a hankali. Ozzy ya ce mutuwar Bon Scott na ƙungiyar AC/DC a 1980 ce ta sa aka yi ta. Daisley ya ce shi Ozzy ɗin yake nufi da ya rubuta. Kotu ta kori ƙarar a 1986, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1988, bisa hujjar cewa tsarin mulkin Amurka ya kare waƙar tunda ba ta umarci kowa da aikata wani abu nan take ba. Wata ƙarar makamanciyarta a jihar Georgia ita ma ta faɗi a 1991.

Yayin da malaman coci da ƙungiyoyin iyaye ke tono saƙonnin ɓoye a faya-fayansa, abin da ya fi muni ya faru a gida. A 1989, jim kaɗan bayan dawowarsa daga wani bikin kiɗa a Mosko, ya shaƙe Sharon a cikin maye da niyyar kashe ta. Ta danna ƙararrawar neman ɗauki, 'yan sanda suka tafi da shi, ya farka a ofishinsu bai tuna komai ba. Ba ta bi shari'ar ba, aka tura shi cibiyar gyaran masu shaye-shaye na tsawon watanni. Dukansu biyu sun ba da wannan labari da bakinsu. Ya kuma amsa cewa 'ya'yansa na auren farko ba su samu uba a wurinsa ba. Bayan shekara biyu ya fitar da No More Tears, mai ɗauke da "Mama, I'm Coming Home", waƙar komawa gida da ya yi wa Sharon, wadda Lemmy Kilmister na ƙungiyar Motörhead ya rubuta baitocinta.

Daga abin tsoro zuwa abin dariya

A 1996, bayan masu shirya bikin Lollapalooza sun ƙi saka shi, Sharon ta kafa nata bikin, Ozzfest, wanda ya zama matakalar ƙungiyoyi irin su Slipknot da System of a Down. A 2002 tashar MTV ta fara nuna shirin The Osbournes, inda kyamara ke bin iyalin a gidansu na Beverly Hills. Duniya ta ga Yariman Duhu yana tangaɗi a falo, yana fama da rimot, yana kwashe kashin karnuka. Shirin ya ci lambar Emmy, ya kuma share fage ga irin su Kardashian. A shekarar ce ya halarci liyafar 'yan jaridar Fadar White House a gaban Shugaba George W. Bush, ya kuma rera "Paranoid" a fadar Buckingham a bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 50 a kan mulki. Daga baya ya bayyana cewa a cikin maye ya yi yawancin shirin, abin da ke sa dariyar ta yi ɗaci idan aka sake kallo.

A Disambar 2003 ya kife da babur mai ƙafa huɗu a gonarsa, ya karya haƙarƙari da ƙashin wuya, aka sa masa ƙarafa. Yana kwance a asibiti "Changes", tsohuwar waƙar Black Sabbath ta 1972 da ya sake rerawa da 'yarsa Kelly, ta hau na ɗaya a Birtaniya, karo na farko da wata waƙarsa ta kai nan. Ya sake haɗewa da tsoffin abokansa sau da dama tun 1997, duk da ƙarar da ya kai Iommi a 2009 kan mallakar sunan ƙungiyar, wadda suka sasanta a 2010. Kundinsu 13 na 2013 ya zo na ɗaya a Birtaniya da Amurka, sai dai babu Bill Ward, wanda ya ce kwantiragin da aka miƙa masa ba na sa hannu ba ne.

Faɗuwar da ya yi a gida a 2019 ta gusar da ƙarafan jikinsa, aka yi ta yi masa tiyatar ƙashin baya. A Janairun 2020 ya bayyana cewa yana da cutar Parkinson, mai sa makyarkyata da sandarewar jiki. Muryar ba ta tafi ba. Waƙar "Take What You Want" da ya yi da Post Malone da Travis Scott a 2019 ta kai ta takwas a Amurka, shekara 30 bayan "Close My Eyes Forever" da ya yi da Lita Ford ta kai wannan matsayi. Kundinsa na ƙarshe, Patient Number 9 na 2022, ya ci lambar Grammy biyu, kuma a 2024 aka shigar da shi zauren karrama gwarazan rok na Amurka a karo na biyu, bayan na 2006 da ya shiga tare da ƙungiya.

Komawa Aston

Wasan 5 ga Yuli, 2025, an yi shi ne a filin Aston Villa, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga gidan da ya tashi. Metallica da Guns N' Roses da Slayer da Pantera da Tool duk sun yi wasa kafin shi. Ya rera waƙoƙinsa biyar, ya rufe da "Crazy Train", sannan Iommi da Butler da Ward suka fito, karo na farko cikin shekara 20 da mutum huɗun suka haɗu a dandamali. Suka yi "War Pigs" da "N.I.B." da "Iron Man", suka ƙare da "Paranoid".

An yi alkawarin raba ribar wasan ga gidauniyar Cure Parkinson's da Asibitin Yara na Birmingham da gidan kula da yara masu ciwon ajali na Acorns. Tom Morello, wanda ya jagoranci tsara kiɗan, ya wallafa cewa an tara dala miliyan 190, jaridun duniya suka ɗauka suka yaɗa. Sharon da kanta ta ce adadin ya yi nesa da gaskiya, amma har yau ana ci gaba da maimaita shi.

Takardar shaidar mutuwarsa ta nuna bugun zuciya ne ya kashe shi, tare da toshewar jijiyoyin zuciya da cutar Parkinson. Ranar 30 ga Yuli aka zaga da gawarsa a Birmingham, motar ta bi ta unguwarsu ta Aston, ta tsaya a titin Broad, a kan gadar da birnin ya raɗa wa sunan Black Sabbath, inda Sharon da 'ya'yanta suka sauko suka ajiye furanni a gaban dubban mutane. Washegari aka binne shi a harabar gidansa na Buckinghamshire.